Keke, Haraji da Haƙƙin Titi a Garwa

Duk inda direbobi suka taru a Garwa, ko a tasha ko a teburin mai shayi, ba a rasa mai cewa masu keke da 'yan babur ba su da ta cewa a kan titi, tunda ba sa biyan abin da mai mota ke biya. Mai keke kuwa amsarsa ɗaya ce: tun kafin motar ta zo shi ke bin hanyar. Wannan musu ya girmi masu yin sa, kuma in aka bi tarihinsa za a ga babu wanda ya taɓa hawa titi kyauta.

A zamanin Turawa keke dukiya ce, hukuma kuwa ba ta ganin dukiya ta ƙyale. Faransa, wadda ta riƙe Garwa bayan an kori Jamusawa a 1915, ta ɗora wa kekuna haraji a ƙasarta tun 1893, mai keke yana maƙala 'yar lambar ƙarfe shaidar ya biya, kuma ba a soke harajin ba sai ƙarshen shekarun 1950. A ƙetaren iyaka, a garuruwa irin su Yola da Kano, En'e ce ke yanka lasisin keke, 'yan doka na tare wanda bai yanka ba. Ashe mai keke ya daɗe da sanin rasit.

Auduga ce ta kai keke ƙauyukan arewacin Kamaru. Manomi ya sayar da amfaninsa, ya sayi keken da zai kai shi kasuwa da asibiti. A 1974 aka kafa kamfanin SODECOTON mai hedikwata a Garwa, wanda ke gyara hanyoyin karkara don kwaso auduga, wato da gumin wannan manomin ake gyaran. A shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya iso Ngaundare, manyan motoci suka riƙa ɗaukar kaya daga can suna ratsa Garwa da Marwa zuwa Cadi. Daga nan mai keke ya fara raba kwalta da tirela.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, babura suka kwararo daga Najeriya, tare da fetur mai araha da ake kira zuwa-zuwa, wanda wani lokaci a kan keke ake tsallako da jarkokinsa. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ƙara tura matasa haya da babur. Gwamnati ma tana neman kuɗi: ta kafa shingayen karɓar sefa 500 daga motoci a manyan hanyoyi, sannan dokar 1996 ta samar da asusun gyaran hanya da ma'aunin manyan motoci. A nan hujjar direbobi ta samo tushe, a nan kuma rauninta yake. An kafa ma'aunin ne saboda nauyi ke farfasa kwalta. Tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima tana ɓarnar da kekuna dubu ba za su yi ba, don haka kuɗin da mai mota ke biya na gyaran ɓarna ne, ba sayen titi ya yi ba.

Dokokin kare rai sun zo a makare. A ƙarshen Disambar 2008, watanni bayan tarzomar Fabrairu da ta faro daga yajin aikin direbobi kan tsadar mai, firayim minista ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa 'yan babur na haya lasisi da inshora da hular kwano. Najeriya ta tilasta hular daga 1 ga Janairun 2009, har wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka. Mutane sun yi dariya, amma ƙwaryar saƙo ce: dokar da talaka bai ga amfaninta ba, sai dai a tare shi a karɓi na goro, zai mai da ita wasa.

Sai kuma matsalar tsaro ta juya al'amarin. Saboda Boko Haram, Maiduguri ta hana babur a 2011, Kano ta hana acaɓa a 2013, lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru ya taƙaita zirga-zirgarsa daga 2014. Mutane da yawa suka kakkaɓe kekunansu suka koma titin da ba a ware musu ko taku ɗaya ba.

Abin da mai keke ya fi gani daga hukuma cikin wannan dogon zamani shi ne rasit da shinge da hani. A ce ya sa fitila da dare, ya gyara burki, ya bi hannunsa, wannan gaskiya ne, domin ransa ake karewa. Amma shi ma yana bin bashi: gefen hanya mai kyau daga gadar Binuwai zuwa kasuwa, fitilun titi masu ci, da direban da ya san cewa ɗan makarantar da ke gabansa a kan keke ba baƙo ba ne a kwaltar.