Kafin A Sake Cewa A Ƙona Littattafan Soyayya

Kwana biyu ina ganin iyaye suna ta kuka a nan Facebook kan labaran soyayyar da 'ya'yanmu ke karantawa a waya, waɗanda kusan kullum jarumarsu ɗalibar jami'a ce. Wasu har cewa suke a hana rubutun gaba ɗaya. Nima uba ne, kuma damuwar ta shafe ni. Amma jama'a, wannan rigimar ta girmi WhatsApp nesa ba kusa ba, ya kamata mu san inda aka fito.

A gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, soyayya ba ta samu wuri sosai ba. Jiki Magayi ne ya taɓo ta, shi ma ramuwar gayya ta fi yawa a ciki: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa. Sai a 1980 kamfanin NNPC ya buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bayan wata gasa. A nan ne budurwa ta fara buɗe baki a littafin Hausa tana cewa ga wanda take so.

Abin da ya biyo baya kuwa ba gwamnati ce ta tsara shi ba. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, yara suka cika azuzuwa. Bayan shekara goma waɗannan yaran sun zama samari da 'yan mata masu iya karanta boko, suna neman abin karantawa. Daidai lokacin kuma tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta kawai. To ga masu karatu, babu mai buga musu. Sai matasa suka fara rubutawa da kansu, su kai ƙananan maɗaba'u, su zuba a kasuwannin Kano. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya saki In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ya yi farin jinin da har aka mayar da shi fim. Sunan ƙungiyarsu ma, Raina Kama, ya isa ya gaya maka yadda ake kallonsu a lokacin.

Mu da muka yi sakandare a wancan zamanin mun san yadda abin yake. Littafi ɗaya sai ya zagaye aji har bangonsa ya fita, kuma a unguwa akwai masu ba da haya, ka biya ka karanta ka dawo da shi ka karɓi kashi na biyu. Da yawa daga cikin ƙannenmu mata a nan suka goge da karatun Hausa, ba a aji ba.

Wurin da nake so a tsaya a duba shi ne matsayin makaranta a waɗannan littattafan. Ba don ado ake sa ta ba, ita ce abin da ake faɗa a kai. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba, an cire yarinya daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta zama abin kwatance. Ita kanta marubuciyar an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta nemi ilimi. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, ta ɗauki wata hanyar: jarumanta 'yan mata ne masu addini da kunya, amma sai sun yi karatu mai zurfi sun kama aiki. Yarinyar da ke karanta wannan a ɗakin uwarta, wadda ƙila babu macen da ta taɓa shiga jami'a a danginsu, a nan ta fara jin cewa mace na iya zuwa BUK ko ABU ta fito da mutuncinta. A ganina ba ƙaramin aiki ba ne wannan, ko da kuwa Hausar wasu littattafan ta sha kashi wajen ƙa'idar rubutu.

Suka kuwa an sha ta. Malamai da iyaye sun ce littattafan na koya wa yara bijire wa zaɓin iyaye. A jami'a ma an gwabza: Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onicha, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu a shekarun 1990. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano, daga baya kuma Hukumar Tace Fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. Me ya faru bayan nan? Rubutun bai tsaya ba. Abin da ya rage kasuwar takardar daga baya shi ne waya, ba wuta ba.

Yanzu labarin ya koma Wattpad da zaurukan WhatsApp, shafi-shafi, ka tura kuɗi a sa ka a zaure, wasu kuma a saurara a YouTube. Kuma gaskiya akwai abin da ya canza. A da sai littafi ya bi ta hannun maɗaba'a da dila da mai shago, kowannensu na iya cewa wannan ya yi yawa, mai hayar ma ya san 'yar gidan waye ta zo karɓa. Yau marubuciya na iya ɓoye sunanta, kuma zauren da matar aure ke ciki shi 'yar shekara 14 ke ciki. Batsar da ake kuka da ita akwai ta a wasu, ba sharri ba ne.

Abin da ya fi ci min rai ma daban ne. A yawancin waɗanda na leƙa, jami'ar ta zama wurin haɗuwa kawai. Jaruma na aji biyu, amma har labarin ya ƙare ba za ka ga ta shiga jarrabawa ba, ba yajin aikin ASUU, ba neman kuɗin rajista, sai wani ɗan attajiri da ke jiranta a mota bakin ɗakin kwanan ɗalibai. Jarumar Balaraba guduwa ta yi daga gidan miji don ta samu aji. Ta yanzu an ba ta ajin, marubuciya ta fitar da ita tun a shafi na uku.

Marubutan da ke cikin abokaina a nan, ina da tambaya: me zai hana ƙungiyoyinku su amince a riƙa rubuta shekarun da suka dace a saman kowane labari, a kuma raba zauren 'yan makaranta da na manya?