Layin zaɓe daga 2003 zuwa 2023

'Yan uwa, a zaɓen shugaban ƙasa na 2003 an ce kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito. A 2015 aka sauko 44, a 2023 kuwa 27 kacal. Kada mu ɗauka 2003 zamanin gamsuwa ne. Lokacin babu na'urar tantancewa, dangwale ƙuri'a a ɗaki ba wuya. A 2015 ne mu mutanen Danja muka fito don Buhari, muka kasa, muka tsare. Bayan shekara takwas, taki ya yi tsada, 'yan bindiga sun hana noma a Faskari da Sabuwa, ga ƙarancin takardun Naira. Ranar zaɓe da yawanmu fadama muka wuce, ban ruwan tumatir.