Daga Fijo Zuwa 'Yar Kwatano: Tarihin Motar Ma'aikaci a Arewa

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja, masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da nake so mu waiwaya a wannan fitowa shi ne mota, amma ba motar sarakuna ko ta manyan attajirai ba. Ina nufin motar ma'aikaci, wadda malamin makaranta da akawu da malamin asibiti suke kai yara makaranta da ita, su kai matan gida unguwa, su je gida da ita ran salla. Duk wanda ya bi tarihin wannan mota daga farkon shekarun 1970 zuwa yau zai ga cewa fetur kaɗai ba ya tafiyar da ita. Sai albashi yana da daraja, kayan gyara suna kusa, kuma akwai bakaniken da ya san cikinta. Kowane lokaci ɗaya daga cikin waɗannan ya gurgunce, mai mota ne ya fara ji a jikinsa.

Kafin mota ta zo hannun ma'aikaci

A zamanin Turawa, har zuwa jamhuriya ta farko, mota a Arewa sai sarki da manyan hakimai, sai Razdan da Di'o, sai ministoci da 'yan kasuwar da suka yi suna. Manyan kamfanoni irin su UAC da SCOA da CFAO da Leventis su ne ke shigo da motoci daga Turai. Malamin makaranta kuwa abin hawansa keke ne, in ya samu Raleigh sabo fil ya gode Allah, wanda ya ɗan ɗaga kuma ya sayi Vespa ko Honda.

Abubuwa suka fara sauyawa bayan yaƙin basasa. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, domin maƙwabtanmu duka, watau Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, a dama suke tuƙi. Manyanmu za su tuna yadda aka yi ta waƙa da sanarwa a rediyo don kada direbobi su ruɗe. Ran 1 ga Janairu 1973 Naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A ƙarshen wannan shekara farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, kuɗi suka kwararo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Daga nan sai hukumar Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya ariyas a farkon 1975. Wannan shi ne kuɗin Udoji da har yau ake ba da labari.

Ga kuɗi a hannu, ga kuma rancen mota. Ma'aikacin da ya kai matakin babban jami'i, har da malamin sakandare mai digiri, yana iya neman rance daga gwamnati ya sayi sabuwar mota, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashinsa, a kuma ba shi alawus na kula da ita. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muka taso muka tarar da motocin malamai jere a inuwar darbejiya gaban ofishinsu. Darajar da wannan rance yake da ita a idon ma'aikata ta fito fili bayan da gwamnatin soja ta soke shi, domin maido da shi yana cikin buƙatun ƙungiyar ƙwadago ta NLC lokacin da ta yi yajin aiki a watan Mayu 1981 a ƙarƙashin Hassan Sunmonu.

Fijo ta Kakuri

A daidai wannan lokaci gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin Turai don a riƙa haɗa motoci a cikin gida. An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, watau PAN, rajista a 1972, ya kuma fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975. A wannan shekara ce kuma Volkswagen ta fara haɗa motar nan mai kama da kunkuru a Legas. Daga baya aka sami Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da ANAMMCO a Enugu, waɗanda suka fi mai da hankali ga manyan motoci.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda kayan Fijo suke isowa Kaduna a farko. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a 1975 saboda ɗaruruwan jiragen siminti da suka yi layi wata da watanni. Don haka ta sama aka riƙa ɗauko sassan motar daga birnin Lyon na Faransa, jiragen kamfanin UTA suna sauke su a filin jirgin sama na Kano, sannan a wuce da su Kaduna a ɗaɗɗaure su. Wannan ya nuna yawan kuɗin da ke ƙasa a lokacin, ya kuma nuna inda raunin yake: haɗawa muke yi, injin da mafi yawan muhimman sassa daga waje suke zuwa.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ci gaba da manufar rage almubazzaranci, ta mai da 504 motar aikin gwamnati tun daga kan manya. Haka Fijo ta zama motar kwamishina, ta zama motar 'yan sanda, ta zama motar malami, mai dogon baya kuma ta zama motar haya tsakanin Kano da Legas, ko Kaduna da Maiduguri. Yayarta 404 akori-kura ita ke ɗaukar hatsi da awaki ranar kasuwa.

Me ya sa ta karɓu haka? An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta kuma ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, gasar da aka san ta da mugun hanya. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, tayoyin baya ne ke tura ta, farfelarta kuma tana cikin bututu mai kare ta daga duwatsu. Injinta mai fulogi huɗu ne, bai kai wa bakanike wahalar ganewa ba. Amma a ganina babban sirrinta shi ne yawanta. Tunda kowa ita yake hawa, kowane mai shagon kayan gyara ita yake tanada wa kaya, kowane yaron gareji kuma a kanta ya koyi aiki.

Bakanike da garejinsa

A nan ya kamata mu ba bakanike haƙƙinsa, domin littattafan tarihi ba su cika ambatonsa ba. Yawancinsu ba su shiga kwalejin fasaha ba. Uba ne zai kai ɗansa wurin maigida, yaro ya yi shekaru yana wanke sifana da miƙa kaya, har ya kai ga buɗe kabireta, daga ƙarshe a yaye shi ya kafa nasa garejin a gindin wata bishiya. Aikin kuma a rabe yake: ga mai inji, ga mai waya, ga mai bugun jikin mota, ga mai fenti, ga mai lagireto, ga mai faci a bakin titi.

Motar wancan zamani da kunne da hanci ake gano ciwonta. Maigida zai ce a tayar, ya saurara, ya ce fulogi ne, ko kwantak ya ci, ko kabireta ta sha ƙura. Shi kansa mai motar yakan san wani abu. Da safe zai duba ruwan lagireto da baƙin mai kafin ya tayar, a bayan motarsa kuma ba a rasa safaya da jak da fambel da galan na ruwa. In ta tsaya masa a Kwanar Ɗangora ko Birnin Gwari, da wuya a rasa wanda zai tashe ta. A Kano kasuwar Ƙofar Ruwa ta zama matattarar kayan gyara, a Kaduna kuma Fanteka, inda abin da wani ya yar yake zama maganin motar wani.

Tuƙi a cikin gari

Yawan motoci ya zo da nasa ciwon kai. Legas ce ta fara ɗanɗana gosulo, har a 1977 aka kafa dokar da ta raba ranakun shiga tsakiyar gari bisa ga lambar mota, masu mara yau, masu cika gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu, cunkoso ya koma gidan jiya. A biranenmu na Arewa abin bai kai haka ba a lokacin. Shataletale da ɗan yalo-fiba guda sun isa su raba hannu a titin Ahmadu Bello na Kaduna ko titin Murtala Muhammed na Kano. Haɗari a manyan hanyoyi shi ne ya fi tayar da hankali, abin da ya sa gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a Fabrairu 1988, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko.

Ranar da Naira ta faɗi

A 1980 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja. Da farashin mai ya karye, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilu 1982, samun lasin shigo da kaya ya yi wuya, masana'antun haɗa motoci suka fara rage aiki. A 1986 aka shigo da shirin SAP, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a watan Satumba, nan da nan Dala ta koma wajen Naira 4. Zuwa 1993 ta kai kusan Naira 22 a farashin gwamnati. Tunda da kuɗin waje ake sayen sassan Fijo, farashinta ya bi Dala ya tafi, albashi kuwa ya tsaya yana kallo. Cikin 'yan shekaru sabuwar mota ta fita daga lissafin ma'aikaci.

Fetur ma bai bar mai mota ya huta ba. Litar da ake saye kwabo 20 kafin 1986 ta zama kwabo 70 a farkon shekarun 1990, ta koma Naira 3.25 a ƙarshen 1993, ta kai Naira 11 a 1994. Duk da matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, mutane sun kwana a layin gidan mai, 'yan bumburutu suka cika bakin titi da galan-galan. Wanda motarsa ta kwanta ya koma hawa acaɓa, sana'ar da ta bunƙasa a daidai wannan lokaci saboda motocin haya sun yi ƙaranci.

Zuwan 'yar Kwatano

In ruwa ya ƙare wa ɗan kada, dole ya nemi wani tafkin. Giɓin da sabuwar mota ta bari, tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi. Yarabawa suka ce musu Tokunbo, mu kuma muka ce Beljiyam ko 'yar Kwatano, domin da yawa daga tashar Antwerp ta Beljiyam ake loda su a sauke a Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Wasu ta iyakar Seme suke shigowa, wasu kuma a biyo da su ta Gaya da Maraɗi a ƙasar Nijar su faɗo Arewa. Haka Honda da Toyota da Nissan da Golf da Opel suka cika titunanmu.

Ba za a musa alherin 'yar Kwatano ba, domin ta sa mutane da yawa sun mallaki mota waɗanda da ba za su iya ba. Sai dai an ƙera ta ne don sanyi da shimfiɗaɗɗen titi, ta kuma riga ta ci rabin rayuwarta kafin ta zo. Bugu da ƙari, maimakon iri biyu ko uku da kowa ya sani, sai ga iri-iri barkatai, kowace da nata kayan. Daga baya kabireta ta kau, injekta ta zo, da na'urar da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Bakaniken da ya saba aiki da kunne ya wayi gari yana buƙatar kwamfutar da za a jona ta faɗi ciwo. Wanda bai da ita sai ya shiga canki-canki, a sauya wannan a sauya wancan, aljihun mai mota yana kuka.

Ita kuwa Kakuri ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Tsarin da gwamnati ta shigo da shi a 2003 na biyan ma'aikata kuɗi maimakon ba su motar ofis ya rage mata babban mai ciniki. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓi kamfanin a 2012. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairu 2017, an cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, Dala kuma ta haura Naira 1,500 a 2024. Ta haka ita ma 'yar Kwatano ta soma fin ƙarfin wanda aka san ta da shi, ya koma neman wadda wani ɗan ƙasa ya gaji da ita.

Abin lura

Darajar Naira da manufofin gwamnati ba a hannun ƙungiya irin tamu suke ba. Amma ɗayan ƙafar, watau ƙwarewar mai gyara, muna da abin cewa a kai. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya yi niyyar koya wa yara aikin hannu, sai dai a makarantu da dama injunan da aka kawo sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Motar yau, da mai amfani da iskar gas da mai lantarki da suka fara shigowa, tana son yaron da ya iya karatu da lissafi kuma bai ƙyamar baƙin mai a hannunsa. A cikinmu akwai injiniyoyi da dillalan motoci da masu gareji. In kowannensu ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu lokacin dogon hutu, ko muka haɗa hannu muka tayar da ɗakin koyon sana'a, to mun yi wa ƙannenmu da 'ya'yanmu tanadin abin da ba ya faɗuwa da faɗuwar Naira.

Allah ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, musamman waɗanda haɗarin mota ya ɗauke. Mu kuma Allah ya tsare mu a kan hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Wassalam.