Daga Kasuwar Landan Zuwa Tsuke Bakin Aljihu: Tarihin Wasu Kalmomin Tsimi a Turanci

Duk wanda ya yi karatun nahawun Turanci ya san rukunin kalmomin da masana ke kira bayanau, masu ƙarewa da ɗafa-ƙeyar -ly. Daga cikinsu akwai cheaply da thriftily da frugally da economically, waɗanda ɗalibi kan haddace a matsayin abu guda, wato yin abu da arha ko da tsimi. To amma idan aka bi salsalarsu, za a tarar babu ɗaya da ta fara rayuwa da ma'anar rashi. Kalmomi ne na ciniki da yalwa, tafiyar zamani ce ta mayar da su na mai ƙaramin ƙarfi.

Mu fara da cheaply. A tsohon Turanci ceap na nufin ciniki ne kurum, shi ya sa har yau akwai titi a Landan mai suna Cheapside, inda babbar kasuwar birnin ta ci a zamanin da. Idan mutum ya yi sayayya mai kyau sai ya ce ya samu good cheap, wato ciniki ya yi daɗi. A wajen ƙarni na 16 aka yar da kalmar farko, ta biyun ta ɗauke ma'anar duka. Daga baya kuma raini ya shigo, ta koma nufin abu marar inganci. Bahaushe ma ya san wannan, tun da ya ce arha ba ta ado.

Labarin thriftily ya fi ban sha'awa. Tushenta daga harshen mutanen Sikandinebiya yake, waɗanda suka mamaye gabashi da arewacin Ingila a ƙarni na 9. A wurinsu kalmar na nufin bunƙasa da wadata, kuma 'yar'uwa ce ga thrive. Sai a ƙarni na 16 ta karkata daga arzikin kansa zuwa hanyar tara shi. Ita kuwa frugally daga kalmar Latin mai nufin amfanin gona ta fito, economically kuma daga Girkanci, inda take nufin sarrafa al'amuran gida. A nan mai karatu zai ga hikimar waɗanda suka zaɓa mana "tattalin arziki", domin tattali ma a gida ya fara, wajen uwargida da rumbunta.

A ƙarni na 19 tsimi ya zama wa'azi. Wani limamin coci, Henry Duncan, ya buɗe bankin ajiya na talakawa a ƙauyen Ruthwell na Sikotilan a 1810, gidan waya na Birtaniya ya buɗe nasa a 1861, sannan Samuel Smiles ya fitar da littafi sukutum mai suna Thrift a 1875. A ganina nan ne kalmar ta sauya ubangida. Masu hali suka riƙa yi wa leburorin masana'antu huɗubar tanadi, alhali ladan da ake biyansu da ƙyar yake kai su ƙarshen mako.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke maganar daga bakin masu wa'azi ya miƙa ta ga hukuma. A Janairun 1940 aka fara rabon sukari da man shanu da kati, a 1941 aka haɗa da tufafi, a 1943 gwamnati ta buga ɗan littafin Make Do and Mend tana koya wa mata facin tsofaffin kaya. Abin mamaki, burodi bai shiga rabo ba sai bayan an ci yaƙin, daga 1946 zuwa 1948, nama kuwa sai 1954 aka sake shi. Sunan da ya manne wa waɗannan shekaru shi ne austerity, kuma ita kaɗai ce a cikin dangin da aka haifa da ɗaci, don asalinta na Girkanci na nufin abu mai bauri da ke busar da harshe.

Ita ce kuma ta iso mana. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar daidaita tattalin arziki a Afrilun 1982, aka taƙaita shigo da kaya, jaridu suka cika da austerity. Kafofin labarai na Hausa ba su tsaya neman aro ba, suka ce matakan tsuke bakin aljihu, kuma da wannan suna aka shiga layin shinkafa da madara da sabulu, kafin shirin SAP na Janar Babangida ya biyo baya a 1986.