Taean 2007: Garin bakin teku da baƙi suka wanke da tsumma

Jama'a, tun da aka kawo shawara a guruf ɗinmu cewa idan an gama jarrabawa mu ware rana ɗaya mu taya mutanen unguwar masunta da ke bayan makaranta kwashe robobi da yashe kwata, nake ta karanta amsoshinku. Wani ya ce shi karatu ya kawo shi Kudu ba shara ba. Wata ta ce ai aikin gwamnati ne. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya rubuta, "Garinmu ne?" Ban tanka a can ba, don in an fara musu a guruf ba a jin maganar kowa. Ga wani tarihi, ku karanta mu dawo kan maganar. Ku yi haƙuri da tsawonsa, rubutu ne zalla, ba zai ci muku data ba.

A yammacin Koriya ta Kudu akwai wata gunduma da ake kira Taean, tafiyar awa biyu zuwa uku a mota daga Siyol, babban birnin ƙasar. Mutanenta 60,000 ne da 'yan kai, kuma da yawansu da teku suke ci. Wasu masunta ne, wasu suna kiwon kawa da ciyawar teku, tsofaffin mata kuma su shiga taɓo idan ruwa ya janye su tsinci dodon-koɗi su sayar. Saura kuma masu gidajen abinci ne da masaukin baƙi, domin gaɓar wurin tun 1978 gwamnati ta mai da ita gandun shaƙatawa na ƙasa. Bakin ruwan da ya fi suna shi ne Mallipo.

Ranar Juma'a 7 ga Disamba 2007, wajen ƙarfe 7 na safe, wani ƙaton jirgin dakon ɗanyen mai mai suna Hebei Spirit yana tsaye ya jefa anga, kimanin kilomita 10 daga gaɓa. Daga Gabas ta Tsakiya ya ɗauko man, yana jiran shiga tashar Daesan. A daidai lokacin ƙananan jiragen ja suna janye da wani faffaɗan jirgi marar inji na kamfanin Samsung mai ƙera jiragen ruwa, wanda ke ɗauke da ƙatuwar ƙugiyar ɗaga kaya. Iska ta yi ƙarfi, teku ya haukace, igiyar ƙarfen da ake jan sa da ita ta tsinke. Ruwa ya kwashe shi ya maka wa jirgin man da ke tsaye, ya huda tankuna uku. Jirgin kuwa irin mai bango ɗaya ne, da zarar an huda shi babu wani shamaki tsakanin mai da ruwa. Ɗanyen mai kusan tan 11,000 ya tsiyaye. Ƙasar ba ta taɓa ganin malalar mai kamar wannan ba, ta ninka ta jirgin Sea Prince ta 1995 sau biyu.

Kafin gari ya sake wayewa Mallipo ya zama baƙi ƙirin. Igiyar ruwa ma da ƙyar take tashi saboda nauyin man. Gonakin kawa suka mutu, tsuntsaye suka jiƙe sharkaf da mai, wari ya hana mutane sakat. Cikin makonni dunƙulen kwalta suka bi ruwa kudu har tsibirin Jeju. Gwamnatin Roh Moo-hyun ta ayyana yankin a matsayin wurin da bala'i ya afka wa, aka turo sojoji da 'yan sanda da masu gadin teku da jirage. To amma akwai abin da jirgi ba ya yi. Man da ya riga ya hau gaɓa ya shige cikin yashi, ya laƙe jikin duwatsu, ya maƙale a lungunan da mota ba ta zuwa. Wannan sai hannu.

A nan ne mutane suka fara zuwa. Babu wanda ya tilasta musu. Sun gani a talabijin da intanet, suka haɗa kuɗin bas, suka taso tun da asuba. Akwai ma'aikatan kamfanoni, akwai ƙungiyoyin addinai daban-daban, akwai iyalai da 'ya'yansu, akwai baƙi 'yan ƙasashen waje da ke aiki a Koriya. Ɗalibai kuma ba a magana, domin abin ya faɗo daidai ƙarshen zangon karatu, ana gama jarrabawa ana shiga hutun hunturu. Ku tuna Disamba ne fa, a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Mu da sanyin hunturun Kano ke hana mu wankan safe, ku auna tsugunno a bakin teku cikin wannan iska.

Aikin kansa babu wani abin burgewa a cikinsa. A kwanakin farko man yana da kauri har ana ɗibarsa da shebur da bokiti. Sai a yi dogon layi daga bakin ruwa zuwa inda tanki yake, bokiti yana bin hannu hannu. Da aka kwashe mai kaurin sai aka koma kan duwatsu. Takardun tsotse mai da hukuma ta tanada suka yi kaɗan, aka yi shela a aiko da tsofaffin kaya, musamman na auduga don sun fi shan mai. Daga ko'ina a ƙasar aka riƙa aiko da riguna da tawul da zannuwan gado. Mutum zai zauna ya ɗauki dutse ɗaya, ya goge shi da tsumma, ya ajiye, ya ɗauki na gaba. Kuma tekun yammacin Koriya yana cika ya janye sosai sau biyu a rana, saboda haka aikin 'yan awoyi ne tsakanin janyewar ruwa da dawowarsa. Sau da yawa ruwan ya dawo da wani man ya shafe inda aka goge jiya. Washegari a sake.

A wasu ranaku dubun dubatar mutane ne a gaɓar. Kafin ƙarshen Fabrairu 2008 lissafi ya haura miliyan ɗaya, daga ƙarshe ya tsaya a 1,230,000. Lissafin zuwa ne, wanda ya zo sau biyar an ƙirga shi sau biyar, amma ko a haka ku kwatanta da mutanen gundumar 60,000. Yawancin masu goge duwatsun nan ba 'yan Taean ba ne. Da damina ta 2008 aka sake buɗe Mallipo ga masu wanka.

Daga ina wannan hali ya fito? Ba ranar aka fara ba. Ƙauyukan Koriya tun da can suna da abin da suke kira dure, wato mazan gari su haɗu su bi gonakin shinkafa ɗaya bayan ɗaya lokacin dashe da cire ciyawa, har da kaɗe-kaɗe. Suna kuma da pumasi, in taya ka yau ka taya ni gobe. Duk wanda ya taso a ƙauyen Katsina ko Zazzau ya san wannan, aikin gayya ne, har da gangar. A 1970 gwamnatin Park Chung-hee ta ɗora shirinta na raya karkara a kan wannan al'ada, ta raba wa ƙauyuka sama da 33,000 siminti buhu 335 kowanne, ta ce su yi aikin gari da shi. Wancan da hannun hukuma a ciki da matsin lamba, kamar yadda tsaftar muhalli ta Asabar ta zo mana da bulala zamanin Buhari da Idiagbon. Amma a 1998, da tattalin arziƙinsu ya durƙushe suka ci bashin Asusun Lamuni na Duniya, mutum kusan miliyan uku da rabi suka fito da zinaren gidajensu, zobba da sarƙoƙi, aka tara sama da tan 200 don a samu kuɗin waje. Shekara goma bayan nan aka yi Taean. Bambancin kawai, gayyar ta tashi daga ta 'yan gari ɗaya ta koma ta mutanen da ba su san juna ba.

Yanzu ga ɓangaren da masu ba da labarin nan suka cika tsallakewa. Na farko, lafiya. A kwanakin farko mutane da yawa sun shiga man babu takunkumi mai kyau, babu cikakkun kayan kariya, wasu ma da yara. Aka yi ta ciwon kai da tashin zuciya da ƙaiƙayin ido da fata. Baƙo ya yi kwana ɗaya ya tafi, ɗan gari kuwa watanni ya yi yana shaƙa. A 2008 sai da aka buɗe cibiya ta musamman a Taean don bibiyar lafiyar mazauna wurin shekara da shekaru.

Na biyu, diyya. Gaɓa ta yi fes, amma aljihun masunta bai warke ba. Mutane sun daina sayen kifin yankin, baƙi sun ɗauke ƙafa. An shigar da buƙatun diyya sama da 120,000, kuma tsohuwar da ke tsintar dodon-koɗi ta sayar a bakin hanya ina ta ga rasit da za ta nuna abin da take samu? Tun a Janairun 2008 wasu mazauna yankin suka kashe kansu saboda baƙin ciki. Sai a 2013 kotu ta fitar da ƙiyasin asarar, a shekarar ne kuma Samsung ya amince da ba da won biliyan 360 don raya yankin. Kyaftin ɗin jirgin man da mataimakinsa, 'yan Indiya, waɗanda jirginsu a tsaye yake aka buge shi, sun yi kusan shekara ɗaya da rabi ba a bar su sun fita ƙasar ba, har da zaman kurkuku, sai a Yunin 2009 suka koma gida. Tsumman 'yan sa kai bai biya wa kowa haƙƙinsa ba, shari'a da matsin lambar mutanen gari ne suka yi wannan, kuma a makare.

Saboda haka 'yar'uwar da ta ce aikin gwamnati ne, tana da gaskiyarta. Fitowar jama'a ba ta sauke wa mai laifi ko hukuma nauyi. Mu da ke karatu a nan mun ma fi kowa kusa da misali. A 2008, shekarar da ake goge duwatsun Taean, bututun mai ya fashe a Bodo ta ƙasar Ogoni. Sai a Janairun 2015 Shell ya amince ya biya fam miliyan 55, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kuma ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Irin wannan ba aikin ɗalibi da bokiti ba ne, kada ma wani ya gwada taɓa ɗanyen mai da hannu. Sai dai da mutanen Koriya sun zauna jiran kotu ta gama kafin a ɗauki shebur, da man ya yi shekara biyar yana nutsewa cikin yashi.

Taean ta farfaɗo. A 2017 aka buɗe gidan tarihi a Mallipo don tunawa da abin da ya faru, shugaban ƙasa Moon Jae-in ya halarci bikin cika shekara goma. A 2022 hukumar UNESCO ta sa takardu da hotunan aikin a kundinta na abubuwan tarihi na yankin Asiya da Fasifik.

To mu dawo kan "Garinmu ne?" A'a, ba garinmu ba ne. Amma shekara huɗu ko biyar muke yi a cikinsa. Kifin da muke ci daga kwale-kwalensu yake fitowa, ɗakunan da wasunmu ke haya nasu ne, kuma ledar ruwan da muke jefarwa tana cikin abin da ke toshe musu kwata. In ruwan sama ya yi ambaliya ba ya tambayar wa ya zo daga Sakkwato. Kuma mu ne kullum muke kukan cewa mutanen nan ba su san mu ba, kallon baƙi suke mana, wasu ma kallon tsoro. A ina za su san mu, in daga aji sai ɗaki sai wurin mai shayi ɗan'uwanmu?

In za mu yi, mu ɗauki darasin Taean gaba ɗaya, har da kurakuransu. Kafin komai shugabanninmu su je su gaida sarkin unguwar da shugaban masunta, su tambaya me suka fi buƙata, kada mu je da namu tsarin. Su ne za su faɗa mana lokacin da ruwa ke janyewa. Babu wanda zai shiga kwata babu safar hannu da dogon takalmin roba, a fara haɗa kuɗin wannan kafin na riga mai tambari. A san motar da za ta kwashe sharar tun kafin a tara ta, in ba haka ba ruwa zai mayar da ita inda aka ɗebo. A rubuta wa ƙaramar hukuma takarda a ajiye kwafi, don a san nata nauyin yana nan. Sannan a sa ranar komawa ta biyu tun yanzu, domin kun ji yadda ruwa yake dawo da abin da aka goge jiya.

Wanda yake ciki ya rubuta sashensa da ajinsa a ƙasa, 'yan'uwa mata kuma su zaɓi wadda za ta tattara nasu sunayen. Mai shebur ko baro a inda yake haya ya faɗa, mu san abin da ya rage a aro. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.