Sankarar ƙwaƙwalwa mai ɓuya wa likita

A 1929 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Percival Bailey, ya yi bayanin wani ƙari da ƙwayoyinsa ke yin dandazo su kewaye jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Ya ɗauka daga jikin jijiyoyin ya tsiro, ya raɗa masa suna a kan haka. Waɗanda suka biyo bayansa kowa da nasa sunan. Sai a shekarun 1970 aka tsaya a kan cewa limfoma ce, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini, wadda ke farawa a cikin ƙwaƙwalwa ko laka ko ido.

Na'urar CT ta Godfrey Hounsfield ta ɗauki hoton kan majinyaci na farko a Landan a 1971, daga baya MRI ta zo. Amma hoto ƙari kawai yake nunawa, ba ya faɗin irinsa. Dole a kafe kan majinyaci, a huda ƙwarya, a zura siririyar allura a tsinko ɗan nama, a duba a madubin likita.

A nan ne cutar ta daɗe tana wasa da hankalin likitoci. Za a kawo mutum ya ruɗe, halinsa ya sauya, ɓarin jikinsa ya mutu. Likita, da kyakkyawar niyya, sai ya ba shi deksametason don kumburi ya sauka. Cikin 'yan kwanaki ƙarin ya motse, wani lokaci ma ya ɓace daga hoto ɗungurungum, domin maganin na kashe ƙwayoyin limfoma. Allura ta shiga ta fito ba shaida, dangi su yi ta murna. Bayan wasu watanni cutar ta dawo.

Zuwan ƙanjamau a shekarun 1980 ya ƙara yawan masu ita, ya kuma ƙara dagula lissafi, don a hoto tana kama da wata cuta, toksofilasma. Akan yi maganin toksofilasmar na mako biyu, in ba sauƙi a koma ga allura. Daga baya, don gane limfomar, aka fara neman ƙwayar Epstein-Barr a ruwan laka, ƙwayar da aka gano a 1964 cikin naman da Denis Burkitt ya aika Landan daga Yuganda.

Yau ƙa'idar ita ce a dakata da deksametason har a ɗebi nama, sai fa in kumburin na barazana ga rai. In an tabbatar da cutar, ba wuƙa ake sa mata ba, maganin metotireksat mai yawa ake ƙara wa majinyaci ta jijiya.