Daga Pune Zuwa Gumel: Tarihin Yogar Hutu da Ƙailular da Muka Yasar

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya.

Duk mai riƙe da waya ya taɓa cin karo da bidiyon nan: mutum kwance a tabarmar roba, matashi a ƙarƙashin gwiwa, ido rufe, ba ya motsi. Sai a rubuta a ƙasa wai yogar hutu ce, maganin gajiya da damuwa. Wasunmu dariya suke yi, su ce kwanciya ma sai an koya wa mutum? Wasu kuma su ce addinin Hindu ne ake shigo mana da shi ta bayan gida. To yau tarihin abin za mu bi, daga Indiya har mu dawo gida ƙasar Gumel, don mu ga me muke da shi a da, kuma ina ya tafi.

Yoga tsohuwar aba ce a Indiya, kuma asalinta ibada ce. Littafin da aka fi jingina ta da shi shi ne na Patanjali, wanda ya haura shekara 1,500. Abin da ya fi damun wannan littafi shi ne yadda za a tsayar da zuciya ta daina kai-kawo. Lanƙwasa jiki da miƙe ƙafa da muke gani a bidiyo, yawancinsu a ƙarni na 20 suka samu wannan siffa, musamman a hannun wani malami mai suna Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar Mysore a shekarun 1930.

Cikin almajiransa akwai ƙanin matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918. Yaron ya tashi da ciwo kala-kala: zazzaɓin cizon sauro, taifot, tarin fuka. A 1937 aka tura shi birnin Pune ya koyar. A can ya lura cewa tsofaffi da marasa lafiya ba sa iya abin da masu ƙarfi ke yi, sai ya fara tallafa musu da bargo, matashi, kujera, igiya da guntun katako, yadda jiki zai zauna a yanayi ɗaya na tsawon lokaci ba tare da wahala ba. Wata ɗalibarsa Ba'amurkiya, Judith Lasater, ita ta ɗauki wannan ɓangare ta ware shi, ta fitar da littafi a kansa a 1995 mai suna Relax and Renew. Daga nan abin ya bazu. A ranar 11 ga Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya. Wato dai yogar hutu da ake tallata mana, a siffarta ta yanzu, ba ta girmi iyayenmu ba.

Me take yi wa jiki? Jikin ɗan Adam yana da tsarin jijiyoyi iri biyu da ke aiki ba da umarninsa ba. Ɗaya na tashin hankali ne: ya ƙara bugun zuciya, ya ɗaure tsoka, ya shirya ka gudu ko faɗa. Ɗayan na kwantarwa ne: ya sassauta bugun zuciya, ya bar ciki ya narkar da abinci. Idan mutum ya kwanta jikinsa a tallafe, yana fitar da numfashi a hankali, na biyun ne ke karɓar aiki. Wani likitan zuciya a Jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1975, kuma ya nuna cewa ana samun irin wannan natsuwa a addu'o'i da zikirorin addinai daban-daban, ba a yoga kaɗai ba.

Musulmi fa, yaushe suka san da yoga? Tun da daɗewa. Al-Biruni, malamin nan da aka haifa a 973, shi da kansa ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, shekara kusan dubu ke nan. A zamaninmu kuma malamai sun yi magana. A 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yogar da ke haɗe da karance-karancen bauta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana mai ɗauke da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Kun ga inda aka ja layi: abin da yake bauta daban, kwantar da jiki da daidaita numfashi daban.

To mu dawo gida. A watan Maris na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya yada zango a Gumel kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa ta Barno, ya tarar da kasuwa mai ci, wadda kanwa ce babbar hajarta. Waɗanda ke kawo kanwar nan fatake ne, kuma tafiyar fatake tana da doka. Madugu zai tashi ayari da sassafe, a yi ta tafiya har rana ta fara zafi, sai a sauka a zango, a sauke wa jakuna kaya, a ba su ruwa, a dafa abinci, a huta. Madugun da ya ƙi sauka saboda gaggawa, dabbobinsa ne za su faɗi, jarinsa ya tafi. Kalmar zango kanta shaida ce: kakanninmu sun auna nisan hanya da yawan wuraren hutawa.

A gona ma haka. Masu bincike irin su M.G. Smith, da suka rubuta tsarin gandu a ƙasar Hausa wajen 1950, sun nuna cewa aikin gonar gandu yana tashi ne da Azahar, sannan ranar Juma'a ba a fita. Bayan nan wanda yake da gayauna ya je tasa. Shekarar ma a rabe take: damina da kaka na aiki ne tuƙuru, rani kuma na biki, dambe, kokawa, ziyara da gyaran gida.

Addini ya ƙarfafa wannan. Ƙailula, wato ɗan kishingiɗar tsakar rana, sunna ce sananniya. A Suratun Nur, aya ta 58, an ambaci tsakar rana cikin lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya, domin lokaci ne da mutum ke rage tufafi ya huta. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar allo ko Islamiyya ya san natsuwa tana cikin farillan salla: gaɓoɓi su tsaya cak a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Ga zaman zikiri bayan Asuba da yammacin Juma'a. Sau biyar a rana an gina mana wurin tsayawa a cikin yini.

Kada dai mu mayar da jiya aljanna. Gumel ta sha yaƙi da Haɗeja da hare-haren Damagaram a ƙarni na 19. Bawa ba shi da ikon cewa ya gaji. Mace kuwa, lokacin da maigida ke kishingiɗe a zaure, tana kan turmi ko bakin rijiya. Hutun yana nan a tsarin rayuwa, rabonsa ne bai yi adalci ba.

Yaya aka yi tsarin ya warware? A 1903 Gumel ta shiga hannun Turawan Ingila, haraji ya koma na tsabar kuɗi. Wanda zai biya kuɗi dole ya noma abin sayarwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama zinariya, zuwa 1930 layin dogo ya kai Nguru, ya ratsa ta Gagarawa. Jirgi ba ya jiran rana ta yi sanyi, agogo yake bi. Rani, wanda a da lokacin sararawa ne, ya ƙara zama lokacin ci-rani. Makarantar boko da ofis suka zo da nasu jadawalin.

Na zamaninmu kuma kun san shi. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana ciyar da dubban gidaje, daga dillalan shanu da raƙuma har masu lodi da 'yan acaɓa. An rufe iyaka a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe. Aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin wannan shekara, sai Maris na 2024 aka buɗe. Duk lokacin da haka ta faru, matashi a Maigatari ko Sule Tankarkar sai ya ninka wahala kafin ya samu abin da yake samu a da. Da safe gonar riɗi, da rana acaɓa cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da dare shagon caji ko POS. In ya kwanta kuma waya na hannu har ƙarfe ɗaya. Wannan shi ne hutun jaki da kaya a ka.

Kuma jiki magayi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda doguwar awar aiki. Wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari. A wajenmu akwai ƙarin masifa: wanda jikinsa ya ce a tsaya, sai ya rufe masa baki da tiramol. Da yawa cikin masu shan ƙwayar nan ba don nishaɗi suka fara ba, don su iya aikin mutum biyu ne. Duk yaƙin da za a yi da shaye-shaye, in ba a taɓa maganar gajiya ba, an bar saiwar a ƙasa.

Darasin da na ɗauka daga tarihin Iyengar shi ne hutu abu ne da ake koya, a ware masa lokaci, a tanadar masa kayan aiki. Kayan kuwa muna da su. Bayan Azahar, nemi inuwar darbejiya ko zaure, shimfiɗa tabarma, kwanta rigingine, sa matashi ko naɗaɗɗen bargo ƙarƙashin gwiwoyi. Wayar a kashe ta ko a bar ta nesa. Ja numfashi ta hanci, ka fitar da shi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa. In ya zarce haka da yawa za ka tashi da nauyin kai, barcin dare ma ya gagara. Wanda ya yini a tsaye ko kan babur zai iya jingina ƙafafunsa a bango na 'yan mintuna. Mai juna biyu da mai hawan jini ko ciwon ido su tambayi likita kafin ɗaga ƙafa, kuma wannan ba ya maye gurbin maganin asibiti. Sallarka ma ka ba ta natsuwarta, ka daina yi mata saƙar kaza.

Sauran aikin na jama'a ne. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da masu lodi su nemi rumfa da ruwan sha a tasha da kasuwa. Mai shago ya ba yaronsa rabin awa da rana ba tare da ya zaftare masa kuɗi ba. Mu maza kuma mu duba cikin gida: in kana kishingiɗe ƙanwarka ko matarka na tsaye tun Asuba, ɗauki jarkar ka ɗebo ruwan, ita ma ta samu nata zangon.

Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa. Fataken da suka cika kasuwar Gumel da kanwa sun yi tafiyar makonni a ƙasa, kuma sun isa ne saboda sun san inda ake sauke kaya.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku har yanzu ana ƙailula, ko ta zama ta tsofaffi kawai? Wanda ya san abokinsa na aiki ba dare ba rana, ya tura masa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.